JAKAR SIRDIN KEKE: YADDA ZA A ZAƁE TA DA ABIN DA ZA A SA A CIKI

Darasi domin ƙungiyoyin gama kai na manoma

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙaramin abu ne, wato 'yar jakar nan da akan rataya a ƙarƙashin sirdin keke. Muna roƙo a karanta shi a taron ƙungiya. A kawo keke ɗaya ko biyu a kafa a tsakiyar fili, domin kowa ya ga abin da ake magana a kai da idonsa.

1. ME YA SA MUKE MAGANAR JAKA?

Bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na babur ya hau ƙwarai. Da yawa a cikinmu muka koma muka kakkaɓe tsofaffin kekunanmu. Da keke muke zuwa gona, da shi muke kai taki, da shi muke kai tumatir da alayyafo bakin titi ko kasuwa. In wani ya kwanta ciwo da dare, sau da yawa keke ne yake zuwa kiran mai magani.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya. Mai keke da kaya yakan ci wajen 12. Idan tsakanin gonarka da kasuwa kilomita 15 ne, a keke tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Amma in ƙaya ta soki taya tun farkon hanya, ba ka kuwa da abin gyara, tafiyar ta koma awa uku ko huɗu, kana turin keke mai nauyi a cikin rana. Kafin ka isa, masu sari sun gama sun tafi, ganye ya yi yaushi, sai ka sayar da abin da aka taya. In kuwa ka yi taurin kai ka hau keken haka nan ba iska, za ka yayyanka tiyub, wato robar da take riƙe iska a cikin taya, ka lalata tayar, ka kuma lanƙwasa gargare. Hasarar ta zama uku.

Mai faci yana da amfani, amma a bakin gari yake zama. A hanyar gona ba ya nan. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kariyar keke ita take ɗaukar kaya, jakar sirdi kuwa ita take ɗaukar abin da zai sa kayan su isa. Saboda haka abin da muke so kowa ya riƙe daga wannan darasi shi ne: a zaɓi jakar da kayan cikinta bisa ga keken da mutum yake da shi, a gwada kowane abu a jikin keken, a kuma bar jakar a wurinta kullum.

2. KA FARA SANIN KEKENKA

Kafin a yi maganar kasuwa, sai kowa ya duba kekensa. Kekunan da suke hannunmu yanzu iri uku ne.

Na farko shi ne baƙin keken nan babba mai birkin sanda. Irinsa ne Raleigh na garin Notingam a Ingila, wanda a da ake haɗa shi a Bompai a nan Kano. Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya duk a kan wannan fasali aka ƙera su. Na biyu shi ne keke mai giya da taya mai kauri da birkin waya. Na uku su ne kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda akan ce da su 'yan Beljiyam.

Kowane iri da nasa kayan. Abu huɗu za ka duba:

(a) Lambar taya. Tana rubuce a gefen tayar. Baƙin keke yakan ɗauki 28 x 1½, a kusa da shi kuma akan sa 40-635. Keke mai giya yakan ɗauki 26, da lamba mai ƙarewa da 559. Yawancin 'yan Beljiyam su ma akan ce 28 ne, amma lambarsu tana ƙarewa da 622. A nan mutane da yawa suke yin hasara. Tsakanin 635 da 622 akwai milimita 13. Tiyub yakan ɗan miƙe ya shiga, amma tayar ɗayan ba za ta hau gargaren ɗayan ba ko da an yini ana fama. Lambar nan ta ƙarshe ita ce abin dogara.

(b) Bawul, wato hancin da ake hura iska. Shi ma iri uku ne. Akwai na baƙin keke, wanda ake kwance cikinsa da hannu, a tsohon yayi kuma da 'yar siririyar roba a jikinsa. Akwai mai kauri irin na mota da babur. Akwai kuma siriri dogo mai ɗan noti a kai. Ramin gargaren da aka yi domin siririn bawul ba ya karɓar mai kauri, famfon wani kuma ba lalle ya kama wani ba.

(c) Notina. Notin ƙafar yawancin kekuna milimita 15 ne. Amma tsofaffin Raleigh na Ingila da ma'aunin inci aka yi nasu, sufanar zamani takan yi musu sako-sako ta cinye musu kusurwa. Kekuna masu giya kuwa suna da kusoshi masu rami a ka, waɗanda sai da makulli mai kusurwa shida, wato alanki, ake kwance su.

(d) Bayan sirdi. Ka leƙa ka gani ko akwai kunnuwa biyu na ƙarfe da aka yi domin rataya jaka. Sirdin baƙin keke yakan zo da su. Sirdin zamani ba shi da su, sai sanduna biyu a ƙarƙashi. Ka kuma auna tazarar da take tsakanin sirdi da kariya, amma ka auna sa'ad da mutum yake zaune a kai, gama sirdi mai sifirin yakan sauka in an hau shi.

3. ZUWA FAGGE DA SABON GARI

Yawancin kayan keken da ake sayarwa a kasuwannin ƙauyukanmu daga Kano ake saro su. Wanda ya shiga Fagge da Sabon Gari zai sami zaɓi mai yawa, farashi kuma da sauƙi in an sayi da dama.

Waɗannan unguwanni sun daɗe da sanin matafiya. Fagge tana wajen ganuwar birni, nan ne fatake da ayarin raƙuma suke sauka tun zamanin dā. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa kaɗan, wajen 1913, aka kafa Sabon Gari domin baƙin da suka zo aiki da ciniki. Babbar kasuwarta tana ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983. A Fagge kuma Kantin Kwari yake, inda ake cinikin yadi. Fataken dā ba su haɗa allurarsu da basillarsu da igiyarsu a cikin ɗaurin kayan sayarwa ba. Sukan sa su a zabira ko burgami inda hannu zai kai da sauri. Jakar sirdi ita ce zabirar mai keke.

Wanda yake kusa da birni ya je da kekensa. Wanda zai hau mota daga Rano, ko Sumaila, ko Tudun Wada, ko Ƙaraye, ba zai iya ba. Shi sai ya tafi da abu huɗu: takarda mai lambar tayarsa, tsohon tiyub ɗinsa ko bawul ɗin kaɗai, notin ƙafa ɗaya, da guntun kwali da aka yanka daidai girman wurin da jakar za ta zauna. Da waɗannan a aljihu ba sai an dogara ga maganar mai shago kaɗai ba. A gwada sufana a kan notin a gabansa. A sa famfo a bakin bawul a hura. A kwance sabon tiyub a sa masa iska kaɗan a saurara. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A kuma karɓi rasit, musamman in kuɗin ƙungiya ne.

4. WACE IRIN JAKA?

Jaka iri uku za ku tarar ko ku sa a yi muku.

Jakar leda ta kanti. Ita ce mai zif da maɗauri mai manne wa kansa. Ba ta da nauyi, tana da araha, tana kuma kama sirdin zamani da kyau. Raunin ta biyu ne. Ƙurar hunturu takan cika haƙoran zif ya daina rufuwa, maɗaurin nan mai mannewa kuma yakan cika da ƙarangiya da ƙaiƙayi ya saki. In ita za ka saya, ka ja zif ɗin sau goma a gaban mai shago, ka kuma juya cikinta ka duba ɗinki. Araha ba ta ado.

Jakar fata. Kano garin dukawa ne, a Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai akwai masu iya wannan aiki. Sai dai a faɗa wa baduku abin da za a sa a ciki. Jar fatar akuya mai laushi, wadda ta yi suna har ƙetaren hamada, ta dace da alabe da matashi, amma ƙarfe yakan huda ta. Jakar kayan aiki ƙirgin sa take so. Fata tana daɗewa, sai dai tana son kulawa: a shafa mata man kaɗe in hunturu ya shigo don kada ta tsattsage, in kuma ruwa ya jiƙa ta a shanya a inuwa.

Jakar tamfol. A ganinmu ita ta fi dacewa da manomi. Tamfol mai kauri ba ya jin ƙaya, yana tare ruwa, in ya yage kuma kowane mai ɗinkin takalmi zai gyara shi. A garin Nelson na Ingila akwai kamfanin Carradice da yake ɗinka jakunkunan sirdi tun shekarun 1930 da yadin auduga mai kauri da maɗaurin fata, masu doguwar tafiya kuma har yanzu suna nemansu. Abin da suke yi bai fi ƙarfin telanmu ba. Guntun tamfol mai kyau, ko na tsohuwar rumfar mota, zai ba da jaka da yawa.

Ko wace iri ce, a duba waɗannan:

Girma. Kada ta wuce girman ƙaramin burodi, wato abin da zai ci lita ɗaya zuwa biyu. Babbar jaka takan jawo tarkace, tana kuma hana ɗaura buhu a kariya.

Wurin ɗauri uku. Biyu a sirdi, ɗaya a sandar da take riƙe sirdin. Jakar da aka rataya a wuri biyu kawai takan yi lilo, ta goge cinya, maɗaurinta ya tsinke da wuri.

Murfi mai saukowa. Murfin ya rufe baki ya sauko gefe, a ɗaure shi da maɗauri irin na bel. Wannan ya fi zif jure ƙura da ruwa.

Tazara. A bar faɗin yatsa uku tsakanin jakar da taya ko kariya. Kada sifirin ɗin sirdi ya cije ta.

Jan madubin baya. Kada jakar ta rufe shi. In ta rufe, a ɗinka mata ƙyalle mai ƙyalli irin na rigar masu aikin titi, domin direba ya hango ka da dare.

Wanda kullum kariyarsa take cike da buhu har ya taɓa sirdi, ko yake goyon mutum a baya, gara ya sa a ɗinka masa jaka mai kusurwa uku wadda za ta zauna a tsakiyar ƙarfen keke, ƙarƙashin sandar sama. Keken mata ba shi da wannan sanda, saboda haka nasu sai a sirdi ko a gaba.

5. ABIN DA ZA A SA A CIKI

Yawancin abin da yake tsai da mai keke a hanya faci ne. A ƙasarmu ƙaya ba ta da wuya: tsidau yana shimfiɗe a hanyar shanu, ga ƙashin yawo, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ake shinge da su. Don haka kayan faci ne na farko.

Kashi na ɗaya, wanda ba a fita sai da shi:

1. Liba biyu ko uku na ɓalle taya. Kada a yi da sukudireba, gama bakinta yakan ƙara wa tiyub huji. In babu, ƙotar tsohon cokali da aka goge bakinta za ta yi.
2. Faci shida ko fiye, manya da ƙanana. Na kanti sun fi sauƙi. Wanda aka yanka daga tsohon tiyub shi ma yana kamawa in an kankare shi sosai, an kuma shafa sholisho a fuska biyu.
3. Sholisho ƙaramin kwalba ko na matsawa. Wanda aka buɗe yakan bushe da zafin bazara, saboda haka a riƙa duba shi. Yana kama wuta, yana kuma cutar wanda ya shaƙe shi. Kada a bar shi inda yara za su ɗauka.
4. Guntun samfefa, da guntun alli na sa alama.
5. Robar bawul biyu ko cikin bawul guda, ga mai baƙin keke. Sau da yawa iskar ta nan take fita, ba huji ba ne. A ɗiga miyau a bakin bawul. In ya yi kumfa, a sake robar, ba sai an ɓalle taya ba.
6. 'Yar robar da take haɗa famfo da bawul. Famfon kansa ya fi jakar tsawo, a jikin ƙarfen keke yake zama. Amma wannan 'yar robar ita ta fi saurin ɓata, in kuwa babu ita famfo sanda ne kawai.
7. Sufana mai buɗewa da tsukewa, ƙarama, wadda bakinta ya kai notin ƙafa. Ita ɗaya takan yi wa mai ma'aunin inci da mai ma'aunin milimita.
8. Sukudireba ƙarama. Mai keken giya ya ƙara da alanki lamba 4 da 5 da 6.
9. Tsumma. A naɗe ƙarafan duka a cikinsa don kada su yi ƙara, su huda jakar, ko su yi tsatsa.

Kashi na biyu, domin doguwar tafiya da lokacin kaka:

10. Mahaɗin sarƙa, wato cen. Sarƙar baƙin keke ta fi ta keken giya faɗi, mahaɗinsu ba ɗaya ba ne. In za a sa 'yar maƙalarsa, rufaffen kanta ya fuskanci inda sarƙar take tafiya.
11. Kota guda, wato gajeren ƙarfen da yake riƙe hannun feda a baƙin keke. Kaurinsu ya bambanta, a je da tsohuwa a gwada. In ta yi sako-sako a buga ta da dutse ta shiga tukuna a ɗaure notin. Ɗaurin noti kaɗai zai tsinka ta.
12. Notina da kusoshi biyu ko uku irin na kariya da madugadi, a cikin tsohon gwangwanin man shafawa.
13. Guntun tsohuwar taya mai tsawon yatsa. In taya ta tsage har tiyub yana leƙowa, a shimfiɗa shi ta ciki.
14. Waya mai laushi kamu biyu, da tsiri biyu na tsohon tiyub domin ɗauri.
15. Filasta da bandeji da aidin, a ƙulle a leda. A lokacin zafi a ƙara da ƙunshi ɗaya na gishiri da sukari irin na asibiti, wanda ake damawa a ruwa mai tsabta.
16. Takarda a cikin leda mai sunanka, da garinku, da lambar wayar wani naka, saboda tsautsayi.

Wani zai tambaya, ina sabon tiyub? Amsar ta dogara ga keken. A keken giya ƙafa takan fita da sauri, sake tiyub ya fi faci sauri, don haka ya cancanci wuri a jakar. A baƙin keke kuwa fid da ƙafar baya aiki ne babba, saboda birkin sanda da kariya da murfin sarƙa. Abin da aka saba shi ne a bar ƙafar a wurinta, a ɓalle gefe ɗaya na taya, a jawo tiyub waje a yi faci. Ga mai irin wannan keke, faci da sholisho mai rai sun fi sabon tiyub amfani. In akwai sauran wuri ya ɗauka, a naɗe a leda da ɗan hoda.

Dukan kayan nan bai kamata su wuce kilo ɗaya ba.

6. ABIN DA BA ZA A SA BA

Kuɗi, da waya, da katin shaida, da littafin ƙungiya, a jikin mutum suke zama. Keke yakan tsaya a bakin kasuwa mai shi yana ciki.

Maganin ƙwari da na ciyawa kada su shiga wannan jaka ko kaɗan. Kwalba takan yi yoyo da girgizar hanya ta jiƙa tsumma da bandeji, da su kuwa za ka share hannu ka ɗaure rauni. Haka nan kada a sa ashana ko fetur kusa da sholisho.

Goro da ƙuli-ƙuli da iri su ma su nemi wani wuri. Suna kiran tururuwa da ɓera, ɓera kuwa ba ya barin tamfol.

Doka ta ƙarshe ita ta fi wuyar kiyayewa. Kada a ari abin cikin jakar domin aikin gida. Sufanar da aka ɗauka a gyara injin ban ruwa ba ta cika komawa ba, ba kuwa za a tuna da ita ba sai an tsaya a daji.

7. YADDA AKE FACI MAI ƘARKO

Kayan aiki ba su da amfani a hannun da bai iya ba. Ga matakan:

1. A sauke kaya, a nemi inuwa, a kwantar da keken ko a kifa shi.
2. A duba bawul da miyau tukuna.
3. A ɓalle gefe ɗaya na taya da liba, a jawo tiyub, a sa masa iska. In babu ruwan tsomawa, a bi da shi kusa da leɓe ko kunci, za a ji iskar. A sa alama da alli.
4. A bi cikin tayar da yatsa a hankali a nemo ƙayar a cire. Wanda ya manta da wannan zai sake faci kafin ya yi nisa.
5. A kankare wurin da samfefa, ya ɗan fi facin faɗi.
6. A shafa sholisho kaɗan, a jira wajen minti 5 har ya daina sheƙi. Gaggawa a nan ita take sa faci ya ɗago.
7. A manna facin a danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki. A barbaɗa garin alli a kai don kada ya manne wa taya.
8. A sa iska kaɗan, a mai da tiyub, a mai da taya da hannu, a duba kada ta cije shi, sa'an nan a cika iska.

In ka ga huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce. Iska ce ta yi kaɗan, kaya suka yi nauyi, gargare ya matse tiyub a kan dutse ko bakin rami. Maganinsa a cika taya sosai kafin a ɗora buhu. Rigakafi ya fi magani.

8. AIKIN ƘUNGIYA

Abin da ya yi wa mutum ɗaya tsada yakan yi wa mutum ashirin sauƙi. Muna ba da shawara kamar haka:

Magatakarda ya rubuta sunan kowane mai keke, da lambar tayarsa, da irin bawul ɗinsa.

A tara kuɗi bayan girbi, a aiki mutum biyu Fagge da Sabon Gari, ɗaya ya zama wanda ya san gyaran keke. Su zaga shago uku ko huɗu su ji farashi kafin su saya. Faci da robar bawul da notina a saye su da kwali a raba.

In akwai tela ko baduku a cikin 'yan ƙungiya, a sayo tamfol a ba shi aikin. Ya fara ɗinka guda ɗaya, a yi mako biyu ana hawa da ita, a gyara abin da ya kamata, sa'an nan ya ɗinka sauran.

Kayan da ba kullum ake bukatarsu ba, kamar babban famfo, da abin yanke sarƙa, da makullin wayoyin ƙafa, da giris, a saye su ɗaya ɗaya a ajiye a akwatin ƙungiya, da littafin aro.

A sa rana ɗaya a koya wa kowa faci, har da mata da 'yan makaranta. Su ma suna hawa, su ma ƙaya ba ta ƙyale su.

A taron farko na kowane wata kowa ya zo da kekensa. A buɗe jakunkuna, a matsa sholisho a gani ko da ransa, a ƙirga faci, a shafa wa ƙarafa ɗan mai. Da damina a ƙara lura da tsatsa da laima.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mutum nawa a cikinmu suka san lambar tayar kekensu ba tare da sun duba ba? Kowa ya je ya duba yanzu ya faɗa wa magatakarda.
2. Wa ya taɓa turin keke da kaya saboda faci? Me ya rasa a ranar, nawa kuma kayan faci za su ci?
3. Me ya sa mai baƙin keke ya fi bukatar faci da sholisho, mai keken giya kuwa sabon tiyub?
4. A hanyoyin da muke bi, ina ne ƙaya ta fi yawa? Za mu iya yin gayya mu share wurin?
5. Wa zai ɗinka mana jakar gwaji, su wa kuma za mu aika Kano?

Ƙungiyar da ta ɗinka tata jakar ta aiko mana da bayanin girmanta, da abin da aka yi ta da shi, da yadda ta jure damina, domin mu buga sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.